Sharuɗɗan kare muhalli a kwangilar gidaje masu sauƙin kuɗi: a ina ake rubuta su, kuma wa zai duba?

Hajiya Rabi ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana gini da harkar kwangila. Ni ma'aikaciya ce a sashen tsare-tsare na ma'aikatar gidaje ta wata jiha a Arewa, kuma an sa ni cikin kwamitin da zai shirya takardun neman 'yan kwangila domin gina rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi, waɗanda za a sayar wa ƙananan ma'aikata su riƙa biya sannu a hankali daga albashinsu. A takardar umarnin da aka ba mu akwai layi guda da ya ce a tabbatar aikin ya dace da kare muhalli, amma ba a faɗi ta yaya ba, kuma da muka zauna sai kanmu ya rabu. Wasu sun ce a rubuta cewa dole ɗan kwangila ya dasa itace a ƙofar kowane gida, a bar maganar a nan. Wasu sun ce a ware maki ga duk kamfanin da ya kawo takardar manufarsa game da muhalli. Shugaban kwamitin kuwa yana gudun kada mu sa sharaɗin da zai sa masu binciken kuɗi su ce mun kauce wa doka, tunda abin da aka saba shi ne a ba wanda kuɗinsa ya fi ƙasa.

Shin doka ta ba mu damar tsallake mai araha saboda dalilin muhalli? Idan ta ba mu, a wane ɓangare na takardun ya kamata sharuɗɗan su shiga, kuma waɗanne ne ke da amfani na gaske a ƙasa mai zafi irin tamu, ba tare da kuɗin gidan ya fi ƙarfin malamin firamare ba?

Malam Garba ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na yi aiki a sashen bayar da kwangila har na yi ritaya, don haka zan tsaya a kan doka, in bar wa masana gini nasu fagen. Tsoron shugabanku yana da tushe, sai dai rabin maganar ya riƙe. Dokar bayar da kwangila ta tarayya ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan kwangilolin gwamnatin tarayya, cewa ta yi a ba wanda farashinsa ya fi ƙasa daga cikin waɗanda suka cika ƙa'idojin da aka zayyana a takardar neman kwangila, kuma ta hana a shigo da wani ma'auni da ba a rubuta tun farko ba bayan an buɗe ambulan. Dokokin jihohi da yawa a kan wannan aka ɗora su, amma ki ɗauko ta jiharku ki karanta da kanki. To, a nan gizo ke saƙar: ku ne masu rubuta ƙa'idojin. Idan kuka rubuta cewa rufi sai da abin tare zafi mai kauri kaza, duk wanda ya kawo farashi ba tare da shi ba bai cika ƙa'ida ba, kuma ajiye takardarsa a gefe bin doka ne. Idan kuwa ba ku rubuta ba, sannan a ranar tantancewa wani ya miƙe ya ce kamfani kaza ya fi kula da muhalli, lallai kun buɗe ƙofar ƙorafi, kuma mai ƙorafin ne zai yi nasara.

Saboda haka ni shawarata ita ce sharuɗɗan su shiga wurare uku: zanen gini, bayanin ingancin kayan aiki, da jadawalin da ɗan kwangila ke cike farashinsa layi bayan layi. Abin da bai da layinsa a wannan jadawali ba wanda zai saya, domin ba wanda zai biya. Batun ba da maki saboda takardar manufa kuwa, ku manta da shi. Kowane shagon buga takardu a bakin sakatariya zai tsara wa mutum irinta kafin azahar.

A Turai an daɗe da wuce wannan muhawara. A 2002 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan kwangilar motocin safa na birnin Helsinki cewa hukuma tana iya la'akari da hayaƙi da ƙarar mota wajen zaɓen wanda za ta ba aiki, matuƙar ma'aunin yana da alaƙa da aikin, an bayyana shi tun farko, kuma bai ba jami'ai damar yin yadda suka ga dama ba. Dokarsu ta 2014 ta yarda a lissafa kuɗin da gini zai ci tsawon rayuwarsa, har da wuta da ruwa da gyara, ba kuɗin ginawa kaɗai ba, sannan Italiya ta mayar da mafi ƙarancin sharuɗɗan muhalli wajibi a kwangilolin gwamnati tun 2016. Ban ce ku kwafo tsarin makinsu ba, domin yana buƙatar alƙaluma da masu tantancewa waɗanda yawancin ma'aikatunmu ba su da su, kuma duk inda maki ya yi yawa a nan son rai ke samun mafaka. Waɗancan sharuɗɗa uku na kotu su ne abin ɗauka.

Akwai kuma abin da ya riga kwangila, wato fili. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike ga rukunin gidajen da ya kai hekta 50. Ko naku bai kai haka ba, ku nemi rahoton hanyar ruwa kafin ku tallata aikin. Bayan abin da aka gani a kwarin Haɗeja a 2022, da na Maiduguri a watan Satumba na 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, babu uzuri ga hukumar da za ta jera gidajen talakawa a fadama don filin ya zo da sauƙi. Ɗan kwangila ba zai gyara filin da aka zaɓa ba daidai ba.

Akitek Hadiza, mai zanen gine-gine, ta rubuta:

Baba Garba ya gama magana a kan doka, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan yi magana a kan abin da za a rubuta, kuma ina ganin a Arewa tambayar farko ita ce: a watan Afrilu, da ƙarfe uku na rana, babu wuta, mutum zai iya zama a ɗakin? Idan ba zai iya ba, zai sayi janareta ko ya ci bashin na'urar sanyaya ɗaki, kuma daga nan duk wani lissafin hayaƙi da na aljihu ya rushe. Gidan da aka ce mai sauƙin kuɗi ne, amma mai shi yana zuba fetur kullum don yara su samu barci, tsadarsa aka jinkirta kawai.

Ba sai kun ƙirƙiro ma'auni daga kanku ba. A 2017 ma'aikatar tarayya mai kula da wuta da ayyuka da gidaje, a zamanin Babatunde Fashola, ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine tare da tallafin hukumar GIZ ta Jamus. Daga cikin abin da ta ƙunsa akwai cewa tagogi kada su wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai an yi musu inuwa, a sa abin tare zafi a rufi, a ƙayyade wutar da fitilu ke ja, sannan na'urar sanyaya ɗaki ta zama mai tsimin wuta. Ƙa'idar ba ta samu aiki yadda ya kamata ba saboda izinin gini a hannun jihohi yake, amma babu abin da ya hana ku ambace ta a takardunku ku ce da ita za a auna wannan aiki.

Rufi ya fi komai muhimmanci a gida mai hawa ɗaya, domin shi rana ke duka tun hantsi har la'asar. Na shiga gidaje irin waɗannan bayan an miƙa makullai, na leƙa ta ƙofar silin: kwano siriri mai duhun fenti, silin na roba, tsakaninsu babu komai sai iska mai zafi da ba ta da mafita, bango kuma ƙasa-ƙasa har fanka na neman taɓa kan dogon mutum. Da dare sai ka tarar da iyalin duka a tsakar gida a kan tabarma, ɗakunan kuma an bar wa kaya. Gyaran wannan ba wani abin a zo a gani ba ne. A rubuta kaurin kwano da launinsa mai haske, a rubuta irin abin tare zafi da kaurinsa, a buɗe ƙofofin iska masu raga a ƙarƙashin rufi, a ɗaga silin, sannan bakin rufin ya fito sosai yadda zai yi wa bango inuwa ya kuma kare shi daga feshin ruwan sama. Yayin da ake yayin ɓoye rufi a bayan katanga don ado, ni ina ganin wannan yayi bai dace da gidan talaka ba, domin kwata ɗaya ta toshe da ganye sai ruwa ya bi bango.

Wasu abubuwan ma ba su cin ko sisi, sai dai ba ɗan kwangila ne zai yi su ba, mai zane ne. Dogayen bangwaye su fuskanci kudu da arewa, bangon yamma ya zama gajere kuma mara manyan tagogi, kowane ɗaki ya samu taga a ɓangare biyu don iska ta ratsa. Don haka sharuɗɗan muhalli su fara daga kwangilar mai zane. Gidajen Shagari na farkon shekarun 1980 sun sha suka a kan abu biyu, wato zane kusan iri ɗaya daga gaɓar teku har bakin hamada, da kuma kai su bayan gari inda babu hanya babu ruwa. Waɗannan kurakurai biyu ne na muhalli, ko da yake a lokacin ba haka ake kiran su ba. A ƙara da cewa gidan da bai bar tsakar gida da wurin girki a waje da sirrin mata ba, mai shi zai rushe wani sashe ya sake gini da kuɗinsa, siminti ya tafi a banza sau biyu.

Batun siminti shi ne na biyu a wurina. Masana'antarsa ce ke fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon a duniya, kuma kowa ya tuna yadda buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, wanda cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana aiki a kansa, siminti kaɗan yake ci, ba ya buƙatar filasta idan an jera shi da kyau, kuma yana jinkirta shigar zafi cikin ɗaki. Ku kula kada ku rubuta jan bulo kawai ba tare da bayani ba, domin wani zai kawo muku wanda aka gasa da itace, a kare muhalli a takarda a cinye daji a zahiri. Haka nan a nemi shaidar inda aka ɗebo yashi da marmara, kuma a wajabta cike ramin, saboda waɗannan kududdufai ne ke cin yara da damina.

Dasa itace yana da kyau, amma a biya kuɗinsa a kan wanda ya rayu bayan rani guda, ba wanda aka ɗauki hotonsa ranar buɗewa ba.

Alhaji Sabo ya rubuta:

Ni ɗan kwangila ne, kuma na karanta bayanan Malam Garba da na Akitek da kyau. Ban musa ko ɗaya ba, amma ina so Hajiya ta ji yadda abin yake daga ɓangarenmu kafin ta koma kwamiti. Idan aka sa farashi yau, aka fara aiki bayan wata shida, aka biya kason farko bayan shekara, alhali kuɗin rodi da kwano da siminti sun tashi, to ɗan kwangila zai nemi inda zai rage, kuma inda ido ba ya gani zai fara. Abin tare zafin nan da ake magana yana can saman silin. Magudanar ruwa tana ƙarƙashin ƙasa. Yawan simintin da ke cikin bulo ba a ganin sa sai ruwa ya dake shi. Duk sharuɗɗan da kuka lissafa suna cikin abubuwan da ake binnewa ko a rufe, don haka idan ba a gyara biyan kuɗi a kan lokaci ba, kuma ba a sa sharaɗin daidaita farashi idan kaya sun tashi ba, mai gaskiya ne zai sa farashin gaskiya ya faɗi, wanda ya san ba zai saka kayan ba shi zai ci.

Game da bulon ƙasa, na taɓa yin aiki da shi, kuma ginin yana nan garau. Sai dai yana da wahalhalunsa. Ba kowace ƙasa ce ke yi ba, sai an gwada. Yana son makonni a lulluɓe ana yayyafa masa ruwa kafin ya yi ƙwari, don haka ba a yin sa da gaggawar ranar da mai girma zai zo yanke ƙyalle. Birkilolin da suka iya jera shi ba su da yawa, wanda ya saba da bulon siminti kuma zai ɓata maka kashi mai yawa kafin hannunsa ya faɗa. Sannan akwai mai saye. Ma'aikacin da ya taso a gidan ƙasa, ya yi shekaru yana burin gidan siminti, idan ka miƙa masa makullin gidan jar ƙasa yana iya ganin an raina shi ne. Idan gwamnati na son wannan bulo, ta fara gina ofishinta ko gidan babban jami'i da shi, sannan ta kawo wa masinja.

Malam Isufu ya rubuta daga Maraɗi:

Gaisuwa ga kowa. Maganar Alhaji a kan mai saye gaskiya ce, mu ma a Nijar muna da ita, amma akwai misalai da suka nuna ana iya sauya ra'ayin mutane idan aikin ya yi kyau. A Yamai akwai gidajen da ake kira Niamey 2000, waɗanda aka kammala a 2016, gidaje shida masu bene da aka gina da bulon ƙasa matsattse, kuma Mariam Issoufou Kamara na cikin waɗanda suka zana su. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ne kuma suka yi aikin Dandaji a jihar Tawa, inda aka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, aka gina sabo da irin wannan bulo, magina na garin suna cikin aikin. A Barkina Faso ma makarantar Gando da Francis Kéré ya gina a 2001 da ƙasa ce, kuma a 2022 ya samu lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fagen zanen gini. Tun shekarun 1980 kuma ake koyar da magina a nan gini ba katako, wato rufin ƙubba da baka na tubali, saboda azara da itacen rufi sun yi wuya.

Abin lura shi ne yawancin waɗannan ba ta hanyar kwangilar gwamnati aka yi su ba. Masu zanen suna tsaye a kan aikin, sun horar da magina, sun gwada ƙasa. Idan aka ɗauki wannan aka jefa cikin kwangilar gidaje ɗaruruwa ba tare da horo da sa ido ba, bango ɗaya ya zube da damina ya isa ya ɓata sunan bulon ƙasa shekaru masu yawa. Ni da za a ji tawa, da kuɗin horar da birkiloli ya samu layinsa a jadawalin farashi kamar yadda siminti ke da nasa, kuma harsashi da layukan farko na bango su kasance na dutse ko kankare har su wuce inda ruwa ke fantsama.

Hajiya Rabi ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar Alhaji Sabo ce ta fi tsaya mini a rai, domin injiniyoyin da ke zagayen duba ayyukanmu ba su da yawa, kuma sau da yawa motar ɗan kwangila ce ke kai su wurin aikin. Malam Garba, ta yaya za a rubuta batun dubawa yadda ba zai dogara da halin mutum ɗaya ba?

Malam Garba ya rubuta:

Hajiya, ba za a raba aiki da halin mutane gaba ɗaya ba, amma ana iya rage dogaro da shi. A rubuta a yarjejeniya cewa akwai matakan da ba a wucewa sai an duba an sa hannu: kafin a binne magudana, kafin a rufe silin, da kafin a fara jera kowane sabon kason bulo. Wanda ya rufe ba a duba ba, shi zai buɗe da kuɗinsa. Kowane mataki a haɗa shi da hotuna masu kwanan wata da sa hannun mutum biyu, ɗaya daga ma'aikata, ɗaya daga kamfanin sa ido mai zaman kansa wanda aka ɗauka da kwangila dabam, kuma kuɗin zirga-zirgarsa ya fito daga ma'aikata, kada ya fito daga aljihun wanda ake dubawa. Bulo kuwa, mai dubawa ne zai tsinto samfuri da hannunsa daga cikin tari, a kai ɗakin gwaji na jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha mafi kusa, sakamakon ya shiga fayil kafin takardar biya ta motsa.

Na yarda da Alhaji cewa wanda bai biya a kan lokaci ba ya zubar da ikonsa na tsawatawa. Don haka kada ku tallata gidajen da suka fi kuɗin da ke hannu, kuma ku rubuta tsarin daidaita farashi a fili yadda kowa zai san lissafinsa tun kafin ya sa hannu. Kason kuɗin ɗan kwangila da ake riƙewa na gyaran kurakurai kuma kada a sake shi sai gidajen sun ga bazara ɗaya da damina ɗaya, domin wata shida da aka saba bayarwa yana iya ƙarewa kaf a cikin rani ba tare da ɗigon ruwa ya gwada rufin ba.

A kan bulon ƙasa, tunda aikin rukuni ne, ku raba shi kashi-kashi tun a talla, ku ware kashi ɗaya ƙarami a gina shi da wannan bulo, da sharaɗin cewa mai nema ya nuna ginin da ya taɓa yi da shi, kwamiti ya je ya gani da idonsa. Raba aiki irin wannan halas ne idan an bayyana shi a tsarin sayayya, abin da doka ta hana shi ne daddatsa kwangila don a kauce wa matakin amincewa da babbar kwangila ke buƙata. Idan an gama, a rataya ma'aunin zafi a ɗaki ɗaya na kowane iri daga Maris zuwa Mayu, a rubuta abin da ya nuna safe da yamma, a ajiye tare da ainihin kuɗin da kowane gida ya ci. Kwamitin da zai shirya rukunin gidaje na gaba zai samu alƙaluman jiharsa a gabansa, kuma masu sayen gidajen ma a ba su dama su shiga duka biyun da rana tsaka kafin su cike fom.